Yayata da Takardar Baba Alƙali

Yayata ba ta iya zama ba. Ko abinci a tsaye take ci, kwano a hannu, tana kewaya falo tana gyara labulen da ba abin da ya same shi. Kafin ta cika shekara talatin da takwas ta yi aiki a shagon sayar da waya, ta koyar a makarantar yara, ta yi wata bakwai a kantin magani, ta buɗe shagon ɗinki ta rufe. Inna takan bi ta da kallo ta ce, "Ke kam ban san wa kika gado ba. Ubanku in ya zauna sai kujera ta gaji da shi."

Ranar da ta shigo ta ce ta samu aiki a kamfanin shirya fim, ni ƙanenta dariya na yi. Na ce, "Yaya, uwar wa za ki fito?"

"Ba fitowa zan yi ba," in ji ta. "Mataimakiya ce. Wadda ake aika."

Haka kuwa aikin yake. Ita ce ta ƙasa da kowa, duk da ta girmi darakta da shekara tara. Ita ke raba takardun labari da safe, ta yi cajin batura, ta kai ruwa, ta je ta taso ɗan wasan da ya ɓuya a mota yana waya. An rataya mata oba-oba a ƙugu, duk wanda ya rasa wani abu sai ka ji, "Anti! Ina Anti?" Wannan duk bai dame ta ba, gudun ma daɗi yake mata. Abin da ke kashe ta shi ne in an ce a yi shiru za a ɗauka. Sai ta tsaya a bakin ƙofa kamar an dasa ta, ba motsi ba tari, tana tare masu wucewa da hannu, yatsun ƙafarta na ta wasa a cikin takalmi.

A mako na uku suka je ɗaukar zaman kotu a wani ajin makaranta da aka ba su aro ranar hutu. Mai gadi ya ce ƙarfe biyar zai rufe, ko sun gama ko ba su gama ba. Wanda zai yanke hukuncin wani dattijo ne da ake ce wa Baba Alƙali, saboda shekara ashirin yana fitowa a matsayin alƙali, har mutane kan tare shi a hanya su kawo masa ƙara. Ranar sai magana ta ƙi shi. Ya fara, ya kakare. Aka sake, ya sa maganar lauya a bakin alƙali. Sau goma sha ɗaya ana yi. Hasken taga yana ta sauka, mai kyamara yana tsaki, darakta ya cire hula ya mayar ya sake cirewa.

"Baba, don Allah a duba takarda. Layi shida ne fa!"

Da aka ba da hutun minti goma, yayata ta kai wa dattijon ruwa. Ta tarar ya ƙura wa takarda ido, leɓensa na motsi. Ta leƙa, sai ta ga shafin jiya ne a hannunsa, wanda aka riga aka ɗauka. Ta dubi idanunsa, ta ga farin da ya rufe ƙwayar, irin wanda ta sha gani a kantin magani.

Ta rage murya. "Baba, ba ka ganin rubutun, ko?"

Ya waiga ya ga ba kowa kusa, sannan ya ce, "'Yar autata ce ke karanta mini a gida. An kai ta makarantar kwana watan jiya. 'Yar nan, in yaran nan suka sani, shi ke nan, sun ajiye ni."

"Taso mu je baranda," in ji ta. "Ni ba na iya karatu a zaune."

Suka riƙa kai da komo a barandar, daga ƙofar aji zuwa famfo, tana karanta masa shafin yau yana maimaitawa. Ya ce ta sassauta, ƙafarsa ba ta yaro ba ce. Ta sassauta na taku uku ta koma saurinta. Oba-oba na ta kiran Anti, ta murɗe shi ta kashe. Minti goma ya zama ashirin.

Darakta kuwa, da ya ga lokaci na ƙurewa, ya ce a ɗauki maganar lauya kafin Baba ya dawo. Ba kowa a bakin ƙofa. Ana tsakiyar ɗauka mai gadi ya banko ƙofa da makullai a hannu yana tambayar wa ya ajiye mota a kan furanninsa. Komai ya lalace.

Da ta dawo, darakta ya wanke ta tas a gaban kowa. "Anti, aiki ɗaya na ba ki. Ƙofa! Ina kika shiga?"

Ta ji Baba Alƙali ya gyara murya a bayanta zai yi magana, ta riga shi. "Laifina ne, darakta. Ƙafata ce ta ɗauke ni."

"In ta sake ɗaukar ki, ta wuce da ke gida."

Baba ya hau kujera, ya ajiye takardar a kife, ya zuba layi shidan nan ba gargada, har da tsayawar da yake yi kafin ya faɗi hukunci. Sau ɗaya aka ɗauka. Biyar saura kwata suka fara naɗe wayoyi.

Da yamma ta dawo gida tana huci, ta ce ta bar aikin, yaron da ta girma ba zai riƙa daka mata tsawa ba. Ta yi ta zarya tsakanin kicin da falo tana faɗa, Inna na cewa to, to. Washegari tun kafin in tashi ta fita aikin.

Daga ranar, duk jajibirin ɗauka sai ta shige ɗaki ta karanta layin Baba a waya ta tura masa ya saurara. Mukan jiyo ta tana yanke wa mutane hukunci da murya mai kauri, Inna ta yi ta dariya har da hawaye. Wata huɗu tana bin sa da naci kafin ya yarda a yi masa aikin ido. Ita ta kai shi asibiti, ta hana ma'aikatan jinya sakat da tambaya, har ɗaya ta ce, "Baiwar Allah, ko ki zauna ko ki fita."

Darakta bai san abin da ya faru a barandar ba sai bayan shekara guda, da Baba ya faɗa da bakinsa. Bai ba ta haƙuri ba, amma ya ce ta bar ƙofa ta riƙa bin mai ɗaukar sauti tana koyo. Yanzu ita ke riƙe doguwar sandar makirfo a saman kan 'yan wasa, hannu biyu a sama, kuma kullum sai ta dawo tana cewa kafaɗunta sun mutu. Jiya ta ce in tambayar mata nawa ne kuɗin koyon tuƙin babbar mota, don direban da ke kwasar musu kaya ya kusa yin murabus.