Wayar Yayana Ranar da Ya Rasu

Ranar ta yi mini wuya. Na taɓa tura babur cikin laka tun daga Tsamiya har kusa da gida, na taɓa wuni a shingen jami'an kan iyaka rana na dukana an riƙe mini kaya, duk ban ji su yadda na ji ranar da yayana ya rasu ba. Mutuwar kanta na karɓe ta, kowa ya san da zuwanta. Abin da ya tsaya mini shi ne abin da na yi da wayarsa.

Mu biyu uwarmu ta bari, ni da shi. Shi manomi ne, shinkafa da damina, albasa da rani. Ni aikina babur, ina ɗaukar mutane da kaya tsakanin Bagudo da ƙetaren Benin. 'Ya'ya biyar ya haifa, huɗu sun koma tun suna ƙanana, ɗiya guda ta rage masa. Tana aure can Benin, mijinta na noman auduga a wata tunga, ɗan ƙauye ne gaba da Segbana. A danginmu ni kaɗai na san hanyar, don ni na kai ta. Da damina tafiyar kan ci awa huɗu in hanya ta yi kirki.

Wata shekara albasa ta yi kyau, ya sayi babbar waya irin ta shafawa a shagon wani Ibo da ke bakin kasuwa. Ibon ya saita masa ita da fuska. In ya ɗaga ya dube ta, sai ta buɗe. Abin ya yi masa daɗi ƙwarai. Tawa da lamba nake buɗe ta, guda huɗu, kuma ya sha yi mini dariya a kai.

"Kai dai ka cika son wahala," in ji shi. Ya ɗaga wayar ta buɗe. "Ka gani? Ta san mai ita."

Na ce, "Yaya, na gani da idona a shinge. An karɓi wayar mutum an tura mashi ita a fuska, ta buɗe, ko uffan bai ce ba. Lamba ko sai ka ga dama ka faɗa."

"Awo, sai ka ga dama. In an kwaɗa maka mari biyu ai za ka ga dama."

Da gaskiyarsa.

Wata rana na ɗauki wayar in duba lokaci, sai ta buɗe mini. Muna kama sosai, hanci ɗaya, goshi ɗaya. Ya fizge ta yana zaginta, ya ce munafuka ce ba ta san babba da ƙarami ba. Ya koma wurin Ibon anka sake ɗaukar fuskarsa da kyau. Daga ranar ba ta sake buɗe mini ba. Na san akwai lamba a bayan fuskar, don wani lokaci wayar kan nemi a danna mata. In ta nema sai ya juya baya ya kare da hannun riga. Ban taɓa tambaya ba, shi ma bai taɓa faɗa ba. Ko matarsa ba ta sani ba.

Kwana uku ya yi yana zazzaɓi. Ranar Talata da hantsi ya cika. Ina tasha anka zo anka faɗa mini. Da na isa gidan maƙwabta sun riga sun rufe masa ido, sun ɗaure haɓa, sun lulluɓe shi. Liman ya ce a yi jana'iza bayan azahar. Na ce a yi haƙuri, ɗiyarsa ba ta ji ba, kuma ita kaɗai gare shi. In an kira ta yanzu mijinta ya ɗauko ta, za ta riski ubanta kafin a fita da shi. Liman ya dubi sama, hadari na haɗuwa, ya ce zai jira har la'asar, amma ba zai wuce nan ba.

Ni ba zan iya zuwa in ɗauko ta ba. Zuwa da dawowa sai dare, kuma ni zan tsaya a wanka. Kira kaɗai ya rage. Lambarta da ke wayata tsohuwa ce, na buga sau uku, wata mata na ta magana da Faransanci. Ashe sun canza layi bayan sallah, sabuwar lambar tana wayar yayana kaɗai. Matarsa ba ta da waya. Duk Juma'a shi ke kira, in ya gama ya miƙa mata.

Na tsaya ƙofar ɗakin da mata suke, na ce, "Yaya, ina wayarsa?" Haka nake kiran matar tun zuwanta gidan.

Ta zaro ta daga ƙarƙashin zane, a kashe. Ta ce, "Tun ɗazu take ta kiɗa a kansa, masu sayen albasa ne. Na ga bai dace ba, shi ne na danne ta har ta yi shiru."

Na ce ta kyauta. A lokacin haka na ɗauka.

Na fito zaure na kunna. Ta kawo wani rubutu na Turanci da lambobi a ƙasa. Ni karatuna bai wuce aji uku ba, na ɗauka cewa take ba ta ga fuska ba. Na dube ta da tawa fuskar, na cire hula, na ɗaure fuska irin yadda yake yi. Ba ta buɗe ba. Na danna ɗaya biyu uku huɗu. Na danna sifili huɗu. Wani ya ce a gwada ƙarshen lambar wayarsa, wani ya ce lambar tsohon babur ɗinsa. Bayan an gwada na biyar ta ce a jira, ta fara ƙirga lokaci.

Maƙwabcinsa mai sai da taki, dattijo ne sa'ansa, ya matso ya yi ƙasa da murya. "To ai mai fuskar na nan ciki. Ba a kai shi ba tukuna."

Na dubi liman. Ya daɗe yana jan casbi, sannan ya ce, "Ban san inda anka hana ba. Ban kuma ce ka yi ba. In za ka yi, ka yi sauri, kada mata su gani."

Na shiga ni kaɗai na saki labule. Na yaye mayafin zuwa wuya. Fuskar ta faɗa kaɗan, amma shi ne. Na ce, "Yaya, ka yafe ni, ɗiyarka nake nema." Na riƙe wayar saitin fuskarsa. Na matso da ita, na ja baya, na ɗaga labulen taga haske ya shigo. Rubutun nan dai yana nan. Na rufe shi na fito.

"Ido," in ji mai taki. "Ka manta? Ko yana da rai, in ya runtse ido ba ta buɗewa. Na ga yana nuna wa mutane."

Na koma. Na sa babban yatsa na ɗaga fatar idon dama, na sa manuni na ɗaga ta hagu, ɗaya hannun na riƙe da waya. Idon ba ya kallon komai. Na ƙirga har goma a raina. Wayar ba ta buɗe ba. Na shafa idanun na mayar, na hagu ya ƙi rufuwa duka, sai da na danne shi na ɗan lokaci. Na gyara mayafi na fito, na hau babur na nufi kasuwa.

Ibon ya shekara fiye da ashirin a Bagudo, Hausarsa ta fi ta wasunmu. Da ya ji rasuwar ya cire tabarau ya yi mini gaisuwa, ya ce mutumin kirki ne. Na miƙa masa wayar. Kallo ɗaya ya yi mata.

"Malam, wa ya kashe ta?"

Na ce an dai kashe.

"To shi ke nan. In waya ta mutu anka kunna, ba ruwanta da fuska sai an sa lamba tukuna. Ko shi da kansa ya tsaya nan yana dariya, ba za ta buɗe ba."

Na ce, "Ko da ido buɗe?"

Ya dube ni. Ina jin ya gane. Ya ce, "Ko da mi."

Na ce ai shi ya saita, ya faɗa mini lambar. Ya ce shi ba ya zaɓa wa kowa, miƙa wa mutum yake ya danna, shi ya kau da kai. Na ce to a fasa ta. Ya ce zai iya wanke ta ta buɗe, amma duk abin da ke ciki zai tafi, har lambar da nake nema. Sai ya cire layin ya sa a wayata, ko yayana ya ajiye lambar a kan layi. Munka duba tare. Lambobi tara ne, duk tsofaffi, har da ta wani da ya rasu tuntuni. Ta Benin babu.

Ya ce in bar layin a wayata, ko Allah zai sa ta kira. Na san ba za ta kira ba, Talata ce, kuma ita ba ta saba kira ba, jira take. Na bar shi dai.

Daga nan na bi tasha. Na tambayi 'yan uwana masu babur ko akwai mai lambar wani a tungar. Guda ya kira wani mai shayi a Segbana, mai shayin ya ce tunga mai irin wannan suna sun kai uku, wacce ciki? Na yi kwatance, da gada da bishiyar kuka, ya ce zai tambaya. Bai sake kira ba, da munka neme shi layin ba ya shiga.

Azahar ta wuce ina yawo. Na koma gida munka yi wanka ni da liman da mai taki. Wayata da layinsa a ciki na aljihuna, ta yi ƙara sau huɗu muna ciki. Duk lokacin sai in goge hannu in fita in ɗaga. Uku masu albasa ne, ɗaya kuskuren lamba. Ana idar da la'asar anka sallace shi, munka kai shi. Muna cikin mayar da ƙasa anka fara yayyafi.

Da na dawo matarsa ta aiko a kira ni. Tana zaune a tabarma an lulluɓe ta, mata kewaye da ita.

"Ka same ta?"

Na ce ban same ta ba.

"Wayar ta ƙi? Mi ya same ta? Ko don na taɓa ta ne?"

Na ce, "A'a, Yaya. Wayar ce dama ba ta da kirki."

Ta ce ita ma ta sha faɗa masa. Na bar maganar a haka, kuma mai taki da liman ban faɗa musu abin da Ibon ya ce ba. Har yau suna zaton fuskar mamaci ce waya ba ta karɓa.

Washegari ni ya kamata in zauna a zaure in karɓi gaisuwa kwana uku, don ba wani namiji a gidan sai ni. Ana sallame asuba na ce wa liman ya zauna a madadina. Ya ce mutane za su yi magana. Na ce su yi. Na sha mai na cika tanki, na ɗaura galan guda a gefe. Na ninke bargo na ɗaure a kujerar baya, don ɗiyarsa da goyo za ta hau kuma hanyar ba kyau. Rana ba ta fito ba na kama hanyar Tsamiya, mai zuwa Benin.