Dokotoro na Haske

Jikana ya sayo wani abin wasa a kasuwar Dogon Dutsi, mai kama da alƙalami, in an latsa sai jan ɗigon haske ya faɗa a bango. Yara na bin ɗigon suna dariya, ni kuwa tashi na yi na ba su wuri. Na tsani ɗigon nan, kuma bari in gaya muku dalili.

A hannun kakata ta wajen uwa na tashi, a wani ƙauye kusa da Dumega. Autanta, kawuna, yana karatu a ƙasar Turawa tun ban yi wayo ba. Wata shekara lokacin girbi, gida duk ƙanshin sabon hatsi, wasiƙarsa ta iso. Da Faransanci yake rubutowa, malamin lakwal, wato makarantar boko, ke fassara mata. Ranar nan malamin ba ya gari, ni kuwa da rawar kai na ce ai na iya, tunda ina aji huɗu.

Kalma biyu kaɗai na kama sosai, sauran na cike da ka.

"Mi ya ce?" in ji Kaka.

"Ya ce ya zama dokotoro, na haske."

Lokacin idanunta sun fara dushewa, da lalube take tsince wake. Ta ɗaga hannu sama ta ce, "Likitan ido ke nan. Allah ya ji kukana." Ban san ko haka ne ba, amma na ce e, don na ji daɗin yadda matan gidan suka zuba mini ido.

Da rani likitocin ido suka zo Dogon Dutsi, aka ɗaura amalanke za a kai ta. Ta ƙi hawa. "Ɗana na nan tahe," ta ce, "ba baƙon da za shi taɓa min ido." Damina uku tana faɗin haka, har ta daina bambanta ƙofa da bango.

Ranar da Kawu ya dawo, ta shafa fuskarsa, ta buɗe masa idanu ta ce ya fara aiki. Ya durƙusa yana bayani: shi ba likita ba ne, digirinsa na binciken wani irin haske ne da ake kira lazer, wanda ke tafiya siriri kamar zare, irin na abin wasan jikan nan nawa. Kaka ta saurara har ya gama.

"To haskenka, wa ya yi ma amfani?"

Ya kai ta asibiti a Yamai, aka ce an makara, jijiyar ta mutu. Gari ya ɗauka cewa ya iya, ƙi ya yi. Har ta rasu ba ta ƙara kiran sunansa ba, shi ma bai sake tako ƙauyen ba. Ina tsaye aka yi duk wannan, ban taɓa faɗin cewa ni na cike wasiƙar da ka ba.

Daga baya na ji masana na cewa yana cikin na farko da suka buɗe hanyar wannan ilmi, ɗalibansa sun bazu ko'ina. Can ƙasar Turawa aka binne shi. A garinmu har yau in an tuna shi, wanda ya bar uwarsa ta makance ake cewa.

Bara nawa idon ya fara dushewa. A Yamai aka zaunar da ni gaban wata na'ura, kafin shayi ya huce an gama. Na tambayi likitar da me ta yi aikin, ta ce da lazer. Yanzu ina ganin komai tangaran, har wasiƙar nan da ke ƙasan akwatina. Na sake karanta ta. Babu inda ya ce ido.