Ninkin Rigar Mama Ladi

Ina cikin ninke kaya a shagon wanki a Highbridge, sai na lura wata mata ta tsura wa hannuna ido. Farkon shekarun casa'in ne, ban daɗe da zuwa New York ba. Babu aiki, babu wanda na sani, har na fara tunanin komawa gida.

Ta matso ta ce da Hausa, "Ƙanwata, Mama Ladi ce ta koya miki ninkin nan?"

Rigar ta kusa faɗuwa daga hannuna. Mama Ladi ita ce mai kula da ɗakin kwananmu a sakandaren mishan. Tun kafuwar makarantar ake cusa hannayen riga ciki a naɗe ta kamar tabarma, don ta shiga ƙaramin akwati. Idan kin kuskure ranar Asabar, sai ta zazzage akwatin a ƙasa.

Na ce, "Anti, matar nan ta sa ni kuka ba kaɗan ba."

Ta yi dariya ta ce, "Mu ma haka. Kwashe kayanki, akwai tuwo a gida."

Anti Saratu ke nan. Ita ta kai ni taron tsofaffin ɗalibai a Parkchester, a can aka nemo mini aikin jinya.

Ɗazu na ga jikata tana naɗe rigarta haka, sai ga hawaye. Mama Ladi ta rasu ban gode mata ba.

'Yan makarantarmu, wa ke ninkin nan har yau?