Awon Ƙafar Baffa

Mahaifina mai ɗinkin takalmi ne, kuma duk layinmu Ba Zama ake kiransa. Akwai kujera a shagonsa, amma ban taɓa ganin ta ɗauki komai ba sai gwangwanin gam da guduma. A tsaye yake yankan fata, a tsaye yake cin abinci, in kuwa hira ta yi tsawo sai ka ga ya fara zagaya teburi yana gyara abin da lafiyarsa ƙalau. Umma kan ce shekara talatin da aurensu, ƙeyarsa ta fi sani a kan fuskarsa.

Abu ɗaya ne ke kai shi ƙasa, shi ne awon ƙafa. Zai shimfiɗa takardar buhun siminti, ya ce ka taka ka saki nauyinka, ya durƙusa ya zagaye ƙafar da fensir, ko numfashi ba ya yi sai layin ya haɗu. Daga nan ya yanke siffar da almakashi, ya rubuta sunan mai ita da shekara, in ya gama aiki ya soke ta a wata doguwar waya da ke rataye a bango. Duk zuwan da za ka yi sai ya sake sabon awo. Tsofaffin takardun ba ya komawa kansu, ba ya kuma yarda a zubar. Abin alfaharinsa a duniya kalma uku ce: "Awona ba ya ƙarya." To, kalma huɗu ce, amma je ka gaya masa.

Yana da wa guda ɗaya, Baffa, direban bas. In Baba wuta ne, Baffa tulun ruwa ne: maganarsa a hankali, tafiyarsa a hankali. Kowace shekara Baba kan ɗinka masa takalmi ɗaya kyauta, daga fatar da ya fi ji da ita. Tun kafin a haife ni suke haka.

Sai wata shekara Baffa ya dawo da takalminsa bayan wata bakwai, ya ce yana matse shi. Baba ya jujjuya takalmin yana mamaki, don takalmi saki yake yi da sawa, ba ya tsukewa. Ya ce, "Yaya, ko ka jiƙa shi ka shanya a rana?" Baffa ya ce bai yi ba. Baba ya ɗora laifin a kan mai sayar da fata, ya je ya yi masa tatas. Shekarar da ta biyo aka sake, wannan karon gam ne ya sha zagi.

A ta uku Baffa ya shigo shago ana tsakiyar ciniki, mutum huɗu suna jira, ya zubar da takalmin a kan teburi. Ga ƙafarsa cikin silifa, duk ta saɓule a gefe.

"Ba Zama," in ji shi, da wata murya mai kauri da ya yi a shekarun nan, "idonka ya tafi. Ko ka nemi tabarau, ko ka bar wa masu ido sana'ar. Na gaji da ɗingishi saboda kunyarka."

Baba ya ɗauki takalmin ya sa a ƙarƙashin teburi, ya sallami mutanen nan huɗu. Daga ranar ya daina karɓar sabon ɗinki, sai faci da sauya dunduniya.

Ni kam na ji haushin Baffa ƙwarai, har na daina zuwa gaishe shi, ina cewa a gida girman kai ne ya kumbura masa fuska. Don kuwa fuskar ta canza, duk mun gani. Hancinsa ya faɗaɗa, haɓarsa ta turo gaba, haƙoransa suka yi wushirya da tsufa, hularsa ta koma tana zama a tsakiyar kai kamar an ɗora murfi. Matarsa tana ƙorafin minshari da gumi da ciwon kan da ba ya jin magani. Kowa ya ce shekaru ne. Mutumin da kake gani kullum ba ka ganin sauyinsa, mu kuma da muka rage ganinsa fushi ya rufe mana ido.

Shekara biyu 'yan'uwan nan suka yi ba abin da ke haɗa su sai gaisuwar hanya. Rashin zaman Baba kuwa ya ninka. Ya je an gwada idonsa, aka ce ya fi na mai gwajin, bai yarda ba. Ya sayi tef ɗin awo guda uku yana auna su da juna. Ya auna ƙafar Umma sau biyar a mako ɗaya, har ta ce in ya sake matso ta da fensir za ta tafi gidansu. Da sassafe zai buɗe shago, ya share, ya rufe, ya dawo gida, ya sake fita. Yana so ya san inda hannunsa ya yaudare shi, ya kasa ganowa, kuma ba zai iya kallon wansa ba sai ya gano.

Rufin shagon ne ya raba gardama. Wata ranar Asabar aka yi ruwa, kwano ya yi yoyo daidai kan wayar takardun. Na biya ta wajen daga kasuwa, na tarar ya zare su duka ya baza a teburi da ƙasa da kan kujerar nan. Na ce, "Baba, ka bari in haɗa in ƙone, tunda ka daina aikin." Ya harare ni. Sai na kama taya shi shanya, kuma don kada su cakuɗe muka fara tara na kowane mutum wuri ɗaya.

Na wani mai wanki guda tara ne, na jera su, suka hau kan juna kamar an yanke su tare. Na wani malamin makaranta haka. Na Umma, har da biyar ɗin nan na masifa, haka. Da na zo kan na Baffa suka ƙi daidaituwa. Na bubbuga su a teburi, gefensu yana ta fitowa. Baba ya fizge, ya jera su bi da bi da shekara, tsohuwa a sama, sabuwa a ƙasa, ya daidaita dunduniya. Goma sha biyun farko abu ɗaya ne. Daga nan kowace takarda ta leƙo daga ƙarƙashin ta samanta, kaɗan a yatsu, da yawa a faɗi, hawa-hawa kamar matakala.

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "In kuskurena ne, wata shekarar zai yi sama, wata ya yi ƙasa, kuma zai taɓa kowa. Wannan mutum ɗaya ne, hanya ɗaya yake bi." Ya ɗago ya dube ni. "Ke, mutumin da ya haura shekara hamsin ƙafarsa tana girma?"

Na zaci zai yi murna an wanke shi. Ban ga murna ba, tsoro na gani. Ya cusa takardun a aljihu ya fita ko shago bai rufe ba, na ja ƙofa na bi shi da gudu.

A tasha muka sami Baffa zaune a benci kusa da motarsa yana jiran ta cika. Gefen motar na dama da na hagu duk sabuwar ƙujewa ce, shi da ya shekara ashirin da biyar bai taɓa goga ko bango ba. Baba ya je ya tsaya dab da kafaɗarsa, kusan rigarsu na taɓa juna. Baffa yana kallon gabansa, bai juyo ba. Na ce a raina, ka ji mutum da riƙo. Sai da Baba ya zagayo ta gabansa sannan Baffa ya zabura.

"Kai, yaushe ka zo?"

"Yaya, tun ɗazu nake gefenka. Ba ka gan ni ba?"

Baba ya kamo hannun Baffa yana juyawa, yatsun sun yi kauri, ga shaidar zoben azurfarsa da sai da aka yanke shi kafin ya fita. Ya ce, "Ba za ka ja motar nan yau ba. Tashi mu je asibiti." Baffa ya fara cewa shi ba yaro ba ne, Baba ya zare makullin daga hannunsa ya miƙa wa shugaban tasha. Ban taɓa ganin ya yi wa wansa haka ba.

A asibiti mai ba da kati ta yi dariya da Baba ya ce ciwon shi ne takalmi yana matsewa. Likitar ba ta yi dariya ba. Ta jera takardun a teburinta, ta karɓi tsohon lasisin Baffa ta dubi hoton ta dubi mai shi, ta sa ya rufe ido ɗaya tana kaɗa yatsa ta gefe. Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton kai. Da sakamako ya fito ta yi mana bayani. Akwai wata 'yar tsoka kamar ƙwayar wake a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, ita ke zuba wa jini sinadaran da ke kai saƙo ga sassan jiki, ciki har da na girma. Ta Baffa ƙari ya fito mata, sai ta yi ta aika saƙon girma ba tsayawa. Ƙashin babba ya daina tsawo, shi ya sa saƙon ya koma kan tafin hannu da ƙafa da muƙamuƙi. Ƙarin kuma yana danne jijiyoyin ido, yana cin gani ta gefe.

Baba yana tsaye a bakin ƙofa yana murza hula. Ya ce, "Likita, da mun zo shekara uku da suka wuce fa?"

Ta ce, "Da ya fi. Amma ku ne kuka kawo shi, ba mu muka gano ba."

Ta hanci aka yi aikin, aka cire ƙarin. Ciwon kan ya tafi, gumi ya ragu, ganin ya dawo rabi. Tuƙi kam ya ƙare. Yanzu Baffa ne ke rubuta layin motoci a tashar, yana juya kai gaba ɗaya in zai kalli mai yi masa magana. Baba bai taɓa yafe wa kansa ba. Yakan ce amsar tana rataye a bango sama da kansa, shi kuwa yana can yana jinyar zuciya. Ni ma da nawa kason, don ni ce mai cewa girman kai.

Shekara guda bayan aikin, Baffa ya zo shago da kansa. Ya ɗauke gwangwanin gam daga kujera ya zauna ya cire silifa. Baba ya ɗauko takarda, amma ba sabuwa ba. Ta ƙarshen nan ya shimfiɗa, wadda ta fi duka girma, ya ce, "Yaya, taka ka saki nauyinka." Ya durƙusa ya bi da fensir. Ina tsaye a kansu ina kallon bakin fensirin yana tafiya a kan takardar, bai fita daga gefenta ba ko sau ɗaya, ta wajen faɗi ma har ya ɗan shigo ciki. Layin ya haɗu.

Baba bai tashi ba. Fensirin ya faɗi ya gangara ƙarƙashin teburi, shi kuwa yana nan a durƙushe, hannunsa biyu riƙe da idon sawun wansa, kansa a ƙasa.

Can Baffa ya ce, "To sake mini ƙafa mana, Ba Zama."

Baba ya ce, "Tsaya, Yaya. Ban gama ba."