Shafi Biyu a Jikin Taga

Shekara shida ke nan da rasuwar Malam, maigidana. Ban taɓa kiran sunansa yana raye ba, ba kuma a jarida zan fara ba. A Birnin Kudu an san shi da tsara littattafai a kwamfuta. Shi ya tsara ɗan littafin fiƙihun da mahaifinsa ya rubuta, wanda ake karantawa a Islamiyyun Gwaram, har su Maruta da Dingaya.

Yara ba kalmomin littafin kaɗai suke haddacewa ba, har da mazauninsu. Ka tambayi yarinya farillan alwala, sai ta lumshe ido ta ce suna ƙasan shafin dama. Tsohon bugu da sabo kuwa a tabarma ɗaya ake buɗe su, malami ya ce kowa ya ɗora yatsa a layin farko. In layi ya goce, aji ya rikice ke nan.

Da Malam ya sauya babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutarsa, sai ƙananan manhajojin tsara rubutu suka zame masa kamar awaki, kullum sai ya leƙa su. Ba ya barin su su tsufa, ba ya kuma sabunta su a tare. Ɗaya zai sabunta, ya buga shafi, ya ɗora a kan tsohon bugu, mu ɗaga su jikin taga, shi da gefe ni da gefe. In layuka sun hau juna sai ya ce, "To Hajiya, mun tsira." Ni kuwa in yi masa tsiya, in ce ko mai tsince shinkafa bai kai shi ƙwaƙƙwafi ba.

Tun da ya rasu nake buga littafin yadda ya bar shi, ban taɓa komai ba. Bana kwamfutar ta fara mutuwa tana farfaɗowa. Mai gyara ya kwashe min aikin zuwa sabuwa, amma ita ba ta karɓar tsofaffin manhajojin. Sai dai a sabunta duka a lokaci guda, abin da Malam bai taɓa yarda da shi ba. Ga kuma shugaban wata Islamiyya a Basirka yana ta aiko direba, yana son littattafai kafin a koma makaranta.

Gaskiya ina jin tsoro. Da yana nan me zai ce? Ina jin dariya zai fara yi min, sannan ya jawo kujera. Shagonsa yanzu wurin cajin waya ne, allon sunansa ma an cire. Abin da ya rage nasa shi ne layukan nan, zaune daram a kawunan yaran da ba su taɓa ganinsa ba. In suka goce, a hannuna suka goce.

Jiya na yi bisimilla na sabunta, na buga shafin alwala. Ga shi nan kife a tebur, a kan na Malam. Rana ta fito, taga a buɗe take, amma har yanzu ban ɗaga su ba. Ban saba riƙe gefe biyu ni kaɗai ba.