Fatihar Ramin Jirgi

Har yau, in warin gishiri da man jirgi ya buge ni a bakin ruwan tsibirin Staten Island, shuɗiyar rigar Baba nake gani.

A unguwar Port Richmond na tashi, cikin wannan tsibiri. Danginmu kuwa duk suna Parkchester, can ƙetaren ruwa, har da yayan Baba, wanda ya riƙe shi tun yana maraya. Kafin ka kai can sai ka hau bas, ka hau jirgin ruwa, sannan na ƙasa. Inna ba ta da zance sai mu tattara mu koma cikin mutane.

Ina 'yar shekara goma aka kira taron unguwa, wai ana shawarar haƙa rami a ƙarƙashin ruwa domin jirgin ƙasa ya ƙetaro. Baba ya saka shuɗiyar rigarsa ta Sallah, ya sayi goro, ya ja ni in yi masa tafinta. Masu jawabi suka karɓi goron suna jujjuyawa, wata har da shinshinawa. Da aka tashi, Baba ya ɗaga hannu ya shafa fatiha shi kaɗai. A garinsu, in manya suka zauna, aka raba goro, aka shafa, to magana ta ƙare.

Ni na ji sarai sun ce nazari kawai za a yi. Amma da na ga yadda fuskarsa ta washe, sai na haɗiye wannan.

"Ba inda za mu," ya ce wa Inna. "An shafa fatiha. Jirgi har ƙofar gida."

Shekaru suka shuɗe, ko shebur ba a kafa ba. Wata safiya cikin tsananin sanyi aka bugo waya: yayansa ya rasu, sallah bayan azahar. Bas ta makara. Jirgin ruwa ya tashi a kan idonmu, hazo ya tsayar da na bayansa. Muka isa masallaci an riga an wuce da gawa. Baba ya zauna a bakin titi, kan ƙanƙara. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na ranar ba.

Yanzu an sake tayar da maganar ramin, da sababbin zane-zane. Inna ta rasu, idon Baba ya tafi, yana nan a gidan. Duk Juma'a in na je, sai ya lalubi hannuna.

"Sun fara haƙa? Ai ke kika ji da kunnenki."

Nakan ce, "Sun kusa, Baba."