Makokin Maman Rifkatu a Zauren Rawa

Daga Penang

Ina idar da sallar asuba, gari bai waye ba, na kulle ɗakina a tsibirin Penang inda nake karatun digiri na biyu, na nufi bakin ruwa. Jirgin fito ya tsallakar da ni Butterworth, daga can na hau jirgin ƙasa mai zuwa Kuala Lumpur.

Abin da ya tashe ni shi ne Rifkatu, ƙawata tun makarantar kwana a Zariya, wadda yanzu take zaune a Kuala Lumpur. Mahaifiyarta ta rasu a Kafanchan alhali fasfon Rifkatu na wurin sabunta biza, aka binne Mama ba ta nan. Cocinsu na Kuala Lumpur kuwa ɗaki ne a saman wani kanti, mai gidan ya rufe shi saboda maƙwabta sun ce kiɗa ya dame su. Ko wurin addu'ar makoki ta rasa. Sai ta ji wasu 'yan rawa baƙaƙen fata sun zo daga Amurka, wasansu salon ibadar cocinsu ne, 'yan kallo ma suna shiga, har da inda ake kiran sunayen mamata.

"Ba sai kin yi rawa ba, Hadiza," in ji ta a waya. "Ki dai tsaya inda zan riƙa ganinki."

Mama ta sha ciyar da ni lokacin hutu, ba ta taɓa manta ajiye mini buta ba. Na ce ina tafe.

Brickfields da Masjid India

Wajen awa huɗu muka yi, gonakin kwakwar manja hagu da dama har ido ya gaji. Rifkatu ta tarye ni a tashar KL Sentral. Ta rame, wuyanta duk ya fito. Muka gangara unguwar Brickfields, muka zauna a mamak, shagon abincin Indiyawan nan Musulmi. Na ci roti, irin gurasarsu, da miyar wake, ita ko shayin madara kawai take juyawa da cokali.

An ce kowa ya zo da farin kaya, don haka muka hau jirgin cikin gari zuwa Masjid Jamek. Na yi azahar, tana zaune a inuwa riƙe da jakata. A titin Jalan Masjid India ta zaɓi farin yadi. Mai kantin ya tambaya ko biki ne. Ta ce masa, "Uwata ce ta mutu." Ya ninke yadin a hankali, ya miƙo mata da hannu biyu.

Zauren

Bayan la'asar muka isa wurin, tsohon sito ne da aka gyara. An jera bencuna a da'ira, tsakiya fili. Jagorar wata dattijuwa ce mai furfura, muryarta kamar daga ƙasan rijiya. Ba ganga da farko, tafi ne da buga ƙafa. Ta ja baiti, 'yan rawa suka amsa, suna zagayawa suna jan ƙafa a ƙasa. Can suka fara miƙa hannu suna jawo 'yan kallo. Ni na maƙale jikin bango, amma tsikar jikina ta tashi.

Da aka zo kiran mamata, wasu na dariya suna kiran sunan kyanwarsu. Rifkatu ta shiga tsakiya, ta ɗaura farin yadinta a ƙirji kamar matan garinsu. Ta kira sunan Mama, ta ɗauko waƙar Hausa da Mama kan yi in tana surfe. Ba wanda ya san waƙar. Dattijuwar ta saurara, ta kama amon, ta ba 'yan rawarta, suka riƙa amsawa da gunji ba kalma. Rifkatu ta yi rawa har ƙafa ta gaza ɗaukarta, ta zube tana kuka. Dattijuwar ta durƙusa ta rufe ta da jikinta. Ban san sa'ad da na bar bangon ba, sai ganina na yi riƙe da kanta.

Da na ɗago, wayoyi na gani ta ko'ina, ana ɗaukar bidiyo. Sannan tafi ya ɓarke, har da fito.

Muna neman takalmanmu wani saurayi cikin masu shirya taron, ba ɗan tawagar ba, ya tare mu fuska a sake.

"Madalla! Gobe ma za ki zo? Ki faɗi a daidai wurin nan, amma ki rage waƙar kaɗan. Boleh?" Wato, zai yiwu?

Rifkatu ta dube shi ta ce, "Uwa ɗaya gare ni. Ta riga ta mutu."

Sri Petaling

A ɗakinta da ke unguwar Sri Petaling na kwana. Da safe na tuƙa mata tuwon shinkafa, ta ci loma uku, ta ce rabonta da barci irin na jiya tun ranar rasuwar. Na ji sanyi a raina, na ce ko ba komai tafiyar ta yi amfani. Ta raka ni tasha.

Komawa

Muna wuce garin Ipoh wayata ta yi ƙara. Rifkatu ce, muryarta a dushe. Masu taron sun yanko bidiyon kukanta sun ɗora a intanet, tallan wasan yamma. Har ya kai Kafanchan. Yayanta Bitrus ya kira ta ya ce, "Mu muka haƙa kabari, ke kina can kina wasan kwaikwayo da sunanta." Ya kashe waya, bai ƙara ɗauka ba. Ta roƙi a cire, aka ce mata duk wanda ya shiga zauren ya yarda a ɗauke shi, an rubuta a bakin ƙofa.

Ina riƙe da wayar a kunne har jirgi ya shiga inda ba sabis.

Na isa ɗakina da magariba lafiya, na gode wa Allah. Ina gode wa dattijuwar nan da ban san sunanta ba. Mama, Allah Ya saka miki da alheri bisa abincin da kika ba ni. Bitrus kuma, in wannan ya kai gare ka: ina wurin, kanta na hannuna. Ba wasa take yi ba.